Wai Ni Mai Kyan Dunduniya Ce

Jama'a, kafin ku fara zagina bari in riga ku. Ni Jonalyn, shekarata ashirin da tara, na yi kwaleji, ina aiki a kantin magani inda kullum nake karanta Turancin likitoci, amma kalma ɗaya tak ta Turanci ta kayar da ni warwas. Da ni kaɗai ta kayar da sauƙi. Har ubana ta haɗa, kuma nasa ne yake ci mini rai har yanzu.

Tatay Doming, mahaifina, baduku ne. Shekara arba'in yana ɗinka takalma a ƙasan gidanmu a garin Marikina, mu muna sama, shi da kekunan ɗinkinsa biyu suna ƙasa. Tun ina goye warin gam da fata nake shaƙa. Sau uku ambaliya tana shiga shagon nan, har yau shatin ruwan yana jikin bango, kuma duk sau ukun kekunan ya fara kinkima ya hau da su sama kafin ya tuna muna da talabijin. Ban taɓa sa takalmin kanti ba. Kowace shekara zai dora ƙafata a kan takarda ya zagaye ta da fensir, ko da kuwa ƙafar ta daina girma tun tuni.

Takalmin nan ne ya fara jawo mini Jerwin. Ya shigo kantinmu sayen maganin maƙogwaro, ya kalli ƙafata ya ce, "Wannan ba ɗinkin inji ba ne." Shi ke nan fa, na narke. Aikinsa koya wa ma'aikatan kamfanin amsa waya yadda za su lanƙwasa harshe su yi Turanci kamar Turawa. Dogo, ga ƙamshi, ga magana a tsanake. In ya kira sunana sai in ji kamar ba sunan da Nanay take kwaɗa mini daga kicin ba.

Nanay Belen kuwa, uwata, ranar da ta gan shi har kyandir ta kunna a coci. Shekara uku tana mini waƙa ɗaya.

"'Yar gidan maƙwabciyarmu Aling Soling ta girme ki da me? Wata biyu! 'Ya'yanta uku. Ke kina nan kina ƙirga ƙwayoyin hawan jini."

"Nay, ba a sayen miji a kasuwa."

"Da ana saye ai da tuni na yi ciniki."

A lokacin dariya na yi.

Wata biyar da suka wuce, ranar Talata da rana, ina cin shinkafata a bayan kanti, saƙo ya shigo daga Jerwin. Gaba ɗaya da harshenmu ya rubuta, sai kalma ɗaya:

"Ma, ki daina damuwa. Yarinyar well-heeled ce, sosai ma."

Ban gama karantawa ba ya kira, yana dariya.

"Jona, kin kama ni. Mama zan tura wa, hannuna ya zame."

"To me ke nan? Me ka ce da ni?"

"Haba, ke ma ai kin sani. Heel fa?"

"Dunduniya."

"Well fa?"

"Da kyau."

"To kin gani. Mai kyan dunduniya. Haka Turawa suke cewa da wanda ya fito daga gidan gwanayen takalmi, mutumin da ya tsaya daram a kan aikin hannun iyayensa. Mama ce ta tambaye ni asalinki, na ce ta kwantar da hankalinta."

Na san abin da za ku ce. Waya tana hannunki, me ya hana ki dubawa? To ku gaya mini, in likita ya ce wannan maganin zazzaɓi ne, kuna komawa gida ku bincika? Mutumin da ake biyansa albashi don ya koyar da Turanci ne ya fassara mini, kuma mutumin da nake so. Ban duba ba. Rungume wayar ma na yi.

Da yamma na sauka shago na karanta wa Tatay. Yana riƙe da ƙananan ƙusoshi a leɓe kamar kullum. Ya zare su ɗaya bayan ɗaya ya ajiye.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Turawa suna da kalma ta musamman domin mu?"

"Haka ya ce, Tay."

Ku fahimce ni. Mutumin nan shekara ashirin yana kallon takalman roba masu araha suna kashe layinmu. Shaguna tara ne a da, saura nasa. Yaran unguwa shumeka suke ce masa, su kawo masa silifas ya manne. Ranar nan sai na ga ya cire tabarau yana goge ido da gefen riga, wai gam ne ya shige masa. Ya miƙo mini fensirinsa ya ce in rubuta masa kalmar a jikin kwali, manyan baƙaƙe.

Cikin sati biyu ya sa an yi masa sabon allo, kore da ruwan zinari, an kafa a saman ƙofa: WELL-HEELED, a ƙasa Domingo da 'Yarsa. Ya sa an sassaƙa masa hatimin ƙarfe yana buga kalmar a cikin kowane takalmi. Duk wanda ya tsaya sai ya fito ya yi masa bayani. Ya auna ƙafar Jerwin da kansa, ya ɗauko wata fata ruwan ƙasa da ya ɓoye tun kafin ambaliyar ƙarshe, ya ce da ita surukinsa zai shigo gidan nan neman aure.

A tsakanin nan ne Jerwin ya kawo maganar makaranta. Wai yana son buɗe tasa ta koyar da Turanci, kuma ƙasan gidanmu ya dace, bakin titi ne. Tatay ya huta haka nan, a mayar da keke ɗaya bayan kicin ya riƙa taɓawa don motsa jini. Takardar gidan kuma a sa sunanmu ni da shi bayan biki, don banki su yarda da shi.

"Ai yaron hangen nesa gare shi," in ji Nanay.

Tatay ya daɗe yana kallon kekunansa. Sai ya ce, "Wanda ya san darajar aikina ba zai wulaƙanta wurin ba. Zan yi magana da Ate Pacing."

Na ɗauka shawara kawai zai nema, tunda yayarsa ce.

Tita Pacing, wato gwaggon tawa, ta iso ranar Asabar da hantsi, ana gobe su Jerwin za su zo neman aure. Shekara ashirin da shida ta yi tana aikin gida a Landan, a gidan wasu masu hali, kafin ta dawo ƙasarmu. Ta sauko daga tasi da silifas na roba da wata tsohuwar jaka, dunduniyarta duk faso. Tatay ya tafi sayen zare, Nanay tana kasuwa, ni na tarbe ta. Ta ɗaga kai ta ga allon, sai ta tuntsire da dariya har tana dafa mota.

"Tabɗi! Yaushe Doming ya yi arziki ban ji labari ba?"

"Wane arziki, Tita?"

"Ga shi ya rubuta a ƙofa. Ko barkwanci ne? In barkwanci ne ya iya."

Na ja ta sama, na zuba mata ruwan kwakwa, na gaya mata fassarar Jerwin kalma da kalma. Tun ina tsakiya dariyar ta bar fuskarta.

"Wa ya ce miki haka?"

"Jerwin."

"Malamin Turancin?"

"Shi."

Ta ajiye kofin. "'Yata, saurara. Ba ruwan kalmar nan da baduku. Mai kuɗi take nufi. Ba irin mai jirgin sama ba, a'a, mai abin hannu, wanda aljihunsa ya zauna. Uwargijiyata in za ta yi baƙi sai ta ce, Pacing, fito da cokulan azurfa, mutanen yau well-heeled ne. Ana faɗa a kan unguwa, ana faɗa a kan masu sayayya. Maigidan ya taɓa ce mini wasu sun ce daga takalmi mai tsada ta samo asali, wasu sun ce daga zakaran faɗa ne da aka ɗaura wa ƙarfe a ƙafa. Oho musu. Abin da na sani ɗaya ne. Shekara ashirin da shida ban taɓa jin an faɗa wa mutum ita ido da ido ba. Sai ya juya baya ake faɗa, lokacin da ake auna shi."

"Wataƙila tana da ma'ana biyu," na ce. Ni kaina na ji yadda muryata ta ƙanƙance.

"Nuna mini saƙon."

Na nuna mata. Ban goge ba, har tauraro na sa masa, kun ji wauta. Ta karanta tana motsa leɓe.

"Ki daina damuwa. Sosai ma." Ta miƙo mini wayar. "Uwa ba ta kwana da damuwar ɗinkin takalmin surukarta, Jonalyn."

Sai a lokacin na buɗe ƙamus a waya. Layi ɗaya ne. Wata biyar layin nan yana cikin aljihuna. Na zauna a ƙasa dirshan, na tuna yadda ya yi dariya, yadda ya sa ni da bakina na fassara rabi da rabi kamar 'yar aji ɗaya. Bai ko yi in'ina ba. Abin da ya fi ƙona ni ke nan, saurin da ƙaryar ta zo masa.

"Amma Tita, mu ba mu da komai. Me ya gani?"

"Gida a bakin titi a Marikina ba komai ba ne?" in ji ta. "Sai dai ba naku ba ne. Bayan babbar ambaliya ubanki ya kusa rasa shi, na saya da kuɗin goge-gogena. Na ce kada a gaya wa kowa, don ya riƙa ɗaga kai a unguwa. Shekaran jiya ya kira ni, yana ta kame-kame kamar yaro, wai in zo zai roƙe ni wata alfarma saboda ke."

Na roƙe ta kada ta gaya wa Tatay tukuna. Na ce ina so in ji da kunnena.

Lahadi bayan coci suka zo. Nanay ta sauya labule, ta fito da farantan da ba a taɓa su sai Kirsimeti, ta tilasta mini rigar nan ruwan hoda mai wuyan leshi da ke sa ni ƙaiƙayi. Jerwin ya sha farar riga ta zaren abarba, a ƙafarsa takalmin Tatay yana ta sheƙi. Ya cire shi a gindin matakala kamar yadda kowa yake yi, Tatay ya sunkuya da kansa ya gyara musu zama. Mahaifiyarsa, Misis Villaruel, ta hau tana fifita, 'yan kunne har kafaɗa, idonta yana lissafin silin da bango. Sun kawo taliya da gasasshiyar kaza da kek. Ta ga Tita da silifas a bakin kicin, ta miƙa mata ledar ba tare da ta kalle ta ba.

"A juye a faranti."

"To, ranki ya daɗe," in ji Tita, ta karɓa.

Aka yi addu'a, aka fara ci. Jerwin yana ta zuba wa Tatay kaza yana kiransa Tay. Ya kalle ni ya kashe ido ɗaya. Na rantse muku, zuciyar nan tawa marar kunya sai da ta motsa.

Da Misis Villaruel ta goge baki ta ce a shiga maganar ranar biki da ta shago, sai na ajiye cokali.

"Jerwin, kafin nan. Tita ta ga allonmu tana tambaya. Ka fassara mata mana, kai ne malami."

Ya yi murmushi, ya juya wajen Tita kamar mai magana da ƙaramar yarinya. "Wata tsohuwar kalma ce, Tita, ta girmama masu sana'ar takalmi."

Na ba shi dama, jama'a. Ku shaida na ba shi.

Tita ta amsa masa da Turanci. Ba irin nasa na lanƙwasa ba, na Landan tsantsa, jimla uku a jere ba numfashi. Ban kama duka ba, amma na ga cokalinsa ya tsaya a iska. Sannan ta dawo harshenmu.

"Na ce masa a wace makaranta aka koya masa haka, in je in karɓo wa ɗalibai kuɗinsu. Kuma tunda maganar shago za a yi, da ni za a yi. Gidan nan nawa ne, sama da ƙasa. Ba na sayarwa, ba na bayarwa, ba na kai wa banki."

Fifitar Misis Villaruel ta tsaya. "Naki? To filayen garin Antipolo guda biyu fa?"

"Wane Antipolo?" in ji Tatay.

"Kada ku raina mana hankali. Matarka ce ta zaunar da ɗana ta ce gidan nan naku ne, da filaye biyu a Antipolo, duk na yarinyar ne tunda ita kaɗai kuka haifa."

Duka muka juya. Nanay tana kallon farantinta, tana jera ƙasusuwan kaza a gefe.

"Nay?" na ce.

Ba ta ɗago ba.

Tatay bai bi ta kan filaye ba. Ya juya wajen yayarsa a hankali. "Ate, kalmar. Me take nufi?"

"Mai kuɗi, Doming."

"Ba takalmi ba?"

"Ba takalmi ba."

"Ko kaɗan?"

Tita ta girgiza kai.

Ya gyaɗa kai sau biyu. Ya ninke tsumman hannunsa ya ajiye, ya ce, "Ku ci abinci," ya sauka ƙasa.

Sai Jerwin ya samu baki. "Jona, ki saurare ni. Mama ce ta matsa, dole in faɗa mata abin da zai kwantar mata da hankali. Ke kuma da kika tambaya, me kike so in ce? Na ga kin ji daɗi, Tatay ya ji daɗi, wa ya cutu?"

"Ka ga ya kafa allo."

"Ai sunan shago ne mai kyau! A Landan ma za a yaba."

"Ka tsaya a gabansa yana yi wa mutane bayani. Kana gyaɗa kai."

"Ke ma ai kina da waya," in ji uwarsa tana tattara jakarta. "Tashi mu tafi. An yaudare mu."

An yaudare su. Kun ji fa.

Daga ƙasa muka ji ƙarar awartaki, ƙusa tana fita daga fata, ƙiii, ƙiii. Na san ƙarar nan tun ina rarrafe. Da suka sauka na bi bayansu. Takalman suna nan a gindin matakala inda Tatay ya gyara musu zama, a goge, igiya a kwance. Sai dai babu dunduniya ko ɗaya. Ya cire su tsaf, bai yagi fatar ba. Yana tsaye riƙe da su a hannu.

"Tay, me ke nan?" in ji Jerwin.

"Mang Doming," Tatay ya gyara masa, wato yadda bare suke kiransa. "Takalmin kyauta ne, ba na karɓar kyauta. Dunduniyar dai tawa ce."

Babu wani takalmin da zai sa. Haka ya zura su ya fita, yana tafiya baya-baya kamar mai hawan tudu, uwarsa a gaba tana masifa, matan layi sun fito suna kallo. Na so in yi dariya, kuka ya riga ta.

Na koma sama na tarar da Nanay tana kwashe faranti.

"Me ya sa, Nay?"

"Me ya sa me?"

"Filaye biyu a Antipolo!"

Ta dire farantin har ya tsage. "To da me kike so in kama miki shi? Da takalmi? Shekara talatin saura ɗaya, kullum kina warin asibiti. Na ce in an ɗaura, ya saba da ke, ya haƙura. Haka ake yi. Da bakin yayar ubanki bai yi tsawo ba, da yanzu an sa rana."

Duk tsawon watannin nan ina ganin akwai mutum biyu da suka ga na isa a so ni haka nan, saurayina da uwata. Ashe su biyun ciniki suka yi a kaina, kowa yana zaton ya cuci ɗan uwansa.

"Jona!" Tatay ya kira daga titi. "Zo riƙe mini tsani."

Na fita da rigata ruwan hoda. Ya jingina tsanin a ƙarƙashin allon, da sukundireba a aljihu. Tita ta leƙo ta taga ta ce ya bar shi mana, ai masu Turanci za su ɗauka wayo ne. Ya ce shi ba wayo ya rubuta ba.

Yana taka mataki na uku wayata ta yi ƙara a aljihun riga. Na zaro da hannu ɗaya. Jerwin.

"Da farko don gidan ne, ba zan ƙara miki ƙarya ba. Yanzu ba haka ba ne. Ina bakin kogi inda muke zama, na bar Mama ta tafi. Ba zan tashi ba sai kin zo."

Zan so in ce muku tsaki na yi. Ban yi ba. Na karanta sau biyu, kuma ƙafata ta san hanyar kogin nan ko da ido a rufe, minti bakwai ne.

Tsanin ya yi rawa.

"Da hannu biyu, 'yata," in ji Tatay daga sama, bai waiwayo ba. "Tsufa ya zo, in na faɗo ba mai gyara ni."

Na mayar da wayar aljihu na kama da hannu biyu. Ta sake ƙara a jikin cinyata, ta sake, ta sake. Shi kuma yana can sama yana kwance kalmarsa, ƙusa ɗaya bayan ɗaya, yana sa su a leɓe don kada su ɓace.